Abubuwan da ya kamata ka sani game da sunayen harsasai da yadda ake ƙirƙiro sababbi

A karkarar Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, maharbin da ya gaji harbi bai san wata lamba ba. Bindigar toka ce da maƙeri ya ƙera masa, ya auna albarushi da ido, ya ɗura ta baki, ya danna da sanda. Yau kuwa, da matsalar 'yan bindiga a iyaka da jihar Sakkwato, manomi kan tsinci kwanson harsashi a gonarsa, da 'yan lambobi a gindinsa. Lambobin nan suna da ma'ana, kuma ya kamata mu iya karanta su.

Lamba biyu, awo biyu

Ɗauki 7.62×39, harsashin Kalashnikov, wanda Tarayyar Sobiyat ta fito da shi a 1943. Lambar farko faɗin ramin bututun bindiga ce da milimita, ta biyu tsawon kwanson. Akwai kuma 7.62×51 na ƙungiyar NATO, na 1954, wanda bindigogin FAL da G3 ke ci, da 7.62×54R na Rasha tun 1891, wanda har yau bindiga mai jigida PKM ke aiki da shi. Harafin R na nuna cewa gindin kwanson yana da leɓe. Duka ukun sun fara da 7.62, amma ko ɗaya ba ya zama a madadin ɗan'uwansa.

Faransa ta ɗanɗana kuɗar irin wannan kama. A 1924 ta fito da 7.5×57, sai aka ga harsashin Jamus 7.92×57, mai kai mafi kauri, yana iya shiga bindigar bisa kuskure ya fasa ta. A 1929 aka rage tsawon kwanson, aka samu 7.5×54, wanda bindigar MAS-36 ke ci.

Ingila da Amurka ba su bi ƙa'ida ɗaya ba

Su da inci suke awo, sai kuma kowane kamfani ya ƙara abin da ya ga dama. A .30-06, lambar baya shekarar 1906 ce. A .30-30 na 1895, nauyin albarushi ce. A .250-3000 na kamfanin Savage, gudun harsashin ne, ƙafa 3,000 a daƙiƙa, talla ce kawai aka mayar suna. Bindigar farauta mai lamba 12 kuwa, wadda maharban zamani suka fi riƙewa, lissafinta daban ne: ƙwallayen darma 12 masu faɗin bututun su ke cika laba ɗaya. Shi ya sa mai lamba 12 ta fi mai lamba 20 faɗin baki.

Yadda sabo ke fitowa daga tsoho

Da wuya a fara daga tushe. Yawanci kwanson da ake da shi ake ɗauka, a matse wuyansa ko a buɗa, a sauya kafaɗarsa, sannan a ƙera bututun da zai dace da shi. Da masani Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, Faransa ta matse wuyan kwanson bindigar Gras mai milimita 11, ta samu harsashin Lebel mai milimita 8 a 1886. Gras da Lebel su ne makaman sojan Faransa a zamanin da ayarin Voulet da Chanoine ya afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899, ya kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Mai baka da mashi ko bindigar toka yana cikin ɗuri, mai Gras ko Lebel ya riga ya sake harbi sau da dama. Duk wanda ya san tarihin garin nan ba zai ɗauki zancen awon kwanso wasa ba.

A Amurka masu sha'awar harbi ne kan yi irin wannan gwaji, in ya karɓu kamfani ya ɗauka. Haka .22-250 ya fito daga kwanson Savage, ya shekara kusan 30 a hannun masu gwaji kafin Remington ya shigar da shi kasuwa a 1965. Kafin nan sai an auna ƙarfin matsin iskar da ke tasowa cikin bututu da na'ura, an tsayar da iyaka. Hukumomi biyu ke kula da ƙa'idar: CIP a Turai tun 1914, SAAMI a Amurka tun 1926. Wannan awon ne babu a maƙerar ƙauye, kuma rashinsa ne ke sa bututu ya tsage a hannun mai shi, ya tafi da yatsu ko ido.

Abin da gindin kwanso ke faɗa

A harsashin soja, galibi ba sunan ake bugawa ba, lambar masana'anta ce da shekarar ƙira. Lamba 539 ta Tula ce a Rasha, 10 ta Bulgeriya. Da irin wannan shaida masu bincike, kamar ƙungiyar Conflict Armament Research a rahotonta na 2016, suka bi sawun makaman da suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu daga rumbunan Libiya, wasu daga rumbunan sojojin yankin kansu. A Nijar, hukumar CNCCAI ce ke da alhakin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, tun 1994.

Saboda haka kwanson da aka tsinta bayan hari shaida ne, kada a zuba shi cikin kayan jari-bola. A bar shi inda yake a sanar da mai gari ko jandarmomi. Harsashin da kansa ke nan bai tashi ba, a hana yara taɓa shi, musamman jefa shi a wuta.