Allon Kwamfuta Mai Sheƙi da Ranar Jabal Awliya

A cikin shago, inda haske bai yi yawa ba, kwamfutar tafi-da-gidanka mai allo mai sheƙi ce ke fara jan ido: ja ya fito jawur, baƙi ya yi ƙirin, rubutu kuma tsaf. Amma mai saye daga Jabal Awliya, garin da ke bakin Farin Nilu, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum, ba a shagon zai yi aiki da ita ba. Hasken wurin da aka ajiye allo yana da nasa kason a kyan hoto, shi ya sa nake ganin marar sheƙi ya fi dacewa da yawancin mutanen wannan yanki.

Gilashin da ba a yi wa shafe na musamman ba yana maido da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, kuma da yake fuskarsa sumul take, sai ya maido shi da siffarsa kamar madubi. A ofis, inda haske ke tsakanin lux 300 da 500 (lux ma'aunin hasken wuri ne), wannan ba wani abu ba ne. Rana tsaka kuwa tana kai wa kusan lux 100,000, inuwar waje ma tana da dubbai. Ɗalibi ya zauna ƙarƙashin rumfa da farar jallabiya, irin wadda mazan Sudan suka saba sawa, sai ya tarar rigarsa ta mamaye hoton da yake kallo, baƙin nan da ya burge shi a shago ya koma fari-fari. Idonsa kuma yana ta kai-komo tsakanin rubutun da ke kusa da hoton abin da ke bayansa, har ya gaji. Allo marar sheƙi yana da kaushi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke warwatsa hasken ta ko'ina, sai siffar ta ɓace, a bar ɗan hazo kawai.

Masu son mai sheƙi za su ce ai sai a ƙara hasken allo. Gaskiya ne, amma kwamfutoci masu sauƙin kuɗi yawanci ba sa wuce nit 250 zuwa 300 a ma'aunin hasken allo, kuma fitilar allo tana cikin abubuwan da suka fi shan batir. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar Khartum. Madatsar ruwan Jabal Awliya, da aka kammala a 1937, ko a da wutar lantarki kaɗan ta riƙa bayarwa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya yi wa hanyoyin wuta na Khartum da Omdurman mummunar illa. Wanda ya dogara da sola ko janareto don caji, kowane minti na batir yana da daraja a wurinsa.

Akwai hujjar da ba za a musa ba. Kaushin da ke warwatsa hasken waje yana taɓa hasken hoton ma, launi ya ɗan dusashe, fari ya yi ɗan ƙura-ƙura idan aka matso. Mai gyaran hotunan biki, wanda ke aiki a ɗaki da labule a sake, yana da dalilin zaɓar mai sheƙi, kuma ba zan hana shi ba. Haka nan idan rana ta bugi allo kai tsaye, marar sheƙin ma wankewa yake yi gaba ɗaya. Shi kuwa habub, guguwar ƙurar da Khartum ta yi suna da ita, bai bar kowanne ba: idan aka goge yashi da busasshen tsumma, allo zai karce, sai dai karcen ya fi fitowa a fuska mai sheƙi.

Manyan kamfanoni ma sun daɗe suna juya wannan batu. Apple ya rufe allon MacBook Pro da gilashi mai sheƙi a 2008, masu aiki da shi suka yi ta ƙorafi, ya dawo da zaɓin marar sheƙi a 2009, sannan a 2024 ya sake kawo wani gilashi mai rage ƙyalli, da ƙarin kuɗi. Su kuwa kwamfutocin ofis irin su ThinkPad da Dell Latitude, waɗanda tsofaffinsu ke da yawa a kasuwannin kayan hannu, galibinsu da allo marar sheƙi suke zuwa tun daga masana'anta.