Yadda Matatun Mai Ke Ceto Iskar Haidurojin

Ɗanyen mai, kamar yadda ake haƙo shi, yana ɗauke da ƙazanta iri-iri, babba daga ciki ita ce farar wuta. Idan aka ƙona man da ke ɗauke da ita, hayaƙinsa yakan cutar da huhu, ya kuma haddasa ruwan sama mai guba. Wannan ne ya sa tun shekarar 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan a man dizal na motoci. Sabulun da matatun mai ke amfani da shi wajen wannan wanki kuwa shi ne iskar haidurojin.

Akan haɗa mai da haidurojin a cikin wata babbar tukunyar ƙarfe mai tsananin zafi da matsi. A nan haidurojin ke kama farar wuta, su zama wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a fitar da ita. To amma akan zuba haidurojin fiye da yadda man zai sha, saboda haka sai a wanke ragowar, a sake tura ta cikin tukunyar. Yayin da take wannan zagaye, wasu iskoki irin su metan sukan taru a cikinta, su rage mata ƙarfi. Tilas a riƙa zubar da wani kaso. A da, wannan kaso ƙona shi ake yi a matsayin makamashi, alhali kuwa sau da yawa fiye da rabinsa haidurojin ne.

Akwai hanyoyi uku na ceto ta. Ta farko, a tura iskar da matsi cikin tukwane cike da gawayi na musamman da wasu tsakuwoyi masu ƙananan ramuka. Su sai su riƙe ƙazantar, haidurojin ta wuce. Da an sassauta matsin, sai su saki abin da suka riƙe, a sake amfani da su. Wannan hanya tana ba da haidurojin mai tsabtar kashi 99.9 cikin ɗari. Ta biyu ta yi kama da tankaɗe: akan bi da iskar ta jikin wasu siraran zarurrukan roba masu rami a tsakiya, haidurojin ta riga sauran ratsawa saboda ƙanƙantar ƙwayoyinta. Ta uku kuwa sanyi ne. Metan takan zama ruwa a digiri 162 ƙasa da sifiri, haidurojin kuwa sai an kai 253. Idan aka sanyaya su, metan ta kwanta, haidurojin ta rage a sama.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a samar da sabuwa kawai ba? Dalili shi ne, yawancin sabuwar haidurojin daga iskar gas da tururi ake samunta, a zafin da ya haura digiri 800, kuma kowane kilo ɗaya yakan jawo fitar kimanin kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Ke nan duk kilon da aka ceto ya rage kashe kuɗi, ya kuma rage gurɓata yanayi. Hausawa dai sun ce, da sabon gini gara yaɓe.