Shawara Alama ce: Tsokaci ga Ɗalibin Likita a Ƙasar Daura

Majiyyacin da aka kawo daga Baure ko Zango zuwa asibiti a Daura, idanunsa sun yi rawaya, da wuya ya ce hantarsa ke ciwo. Cewa zai yi shawara ta kama shi. A fahimtar Bahaushe shawara cuta ce guda mai magani guda, kuma galibi kafin a iso asibiti an riga an sha jiƙon saiwar rawaya. A likitance kuwa alama ce kawai, wadda ke bayyana idan sinadarin bilirubin ya taru a jini. Aikin ɗalibi shi ne gano inda matsalar ta faro.

Wani lokaci hantar lafiyarta lau, jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa fiye da ƙima, kamar yadda ake gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko cutar sikila. Wani lokacin kuma hanyar maɗaciya ce ta toshe, sai fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Wannan hoton ciki ke tabbatar da shi, kuma sau da yawa tiyata ce maganinsa.

Inda ya fi dacewa a tsaya shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Abin tsoron shi ne mafi yawansu idanunsu ba su taɓa yin rawaya ba. Baligin da ya kamu, yawanci jikinsa kan kore ta cikin wata shida. Jaririn da ya ɗauka daga mahaifiyarsa kuwa, kusan tara cikin goma sukan rayu da ita, ta yi ta cin hanta a ɓoye har ta kai ga ƙanƙancewa ko ciwon daji. Saboda haka tambayoyin ɗalibi su wuce na ƙarin jini da saduwa, su taɓo askar wanzami: kaciya, ƙaho, tsaga da cire beli. Ya kuma tambayi yadda ake adana gyaɗa da masara, domin gubar afulatoksin da ke fitowa daga hatsin da ya yi fumfuna tana ninka haɗarin dajin hanta ga mai ɗauke da ƙwayar.

Gwajin farko shi ne na HBsAg. Idan ya ci gaba da nunawa bayan wata shida, cutar ta zauna. Daga nan sai a auna ALT, a duba yawan ƙwayar a jini, a ɗauki hoton hanta. Ba kowane mai ɗauke da ita ake ɗora wa magani nan take ba, amma wanda ya cancanta akan ba shi tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya kullum. Maganin danne cutar yake yi, bai cika kawar da ita ba, kuma yanke shi kwatsam kan tayar da ciwon. Wajibi ne a faɗa wa majiyyaci wannan da Hausar da zai gane, don sau da yawa da zarar ya ji sauƙi, ko kuɗi suka yanke, sai ya daina.

Akwai kuma tsohuwar maganar nan cewa ba a yi wa mai shawara allura. A ganina ba a kawar da ita da faɗa. Gara a nemi babban gida a yi masa bayani, tunda shi ke yanke hukunci. Nijeriya ta sanya rigakafin nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Matar da ta haihu a gida a wani ƙauyen Sandamu, aka ce sai an yi suna za ta fita, jaririnta ya riga ya wuce wannan wa'adi da kwana shida.