Suɗewar Taya da Ma'aunin Gudun Mota

Sau da yawa direban da aka ci tara saboda gudu fiye da ƙima yakan ɗora laifin a kan tsofaffin tayoyinsa, wai su ne suka sa ma'aunin gudu ya yaudare shi. Idan aka yi nazari, za a ga wannan hanzari ba shi da madafa.

Shi ma'aunin gudu juyin taya yake ƙirgawa, sannan ya mayar da shi kilomita. Zurfin zanen sabuwar taya yakan kai kamar milimita 8, a Ingila kuwa doka ta hana hawan wadda zanenta ya gaza milimita 1.6. Ke nan taya mai tsayin milimita 630 takan rasa kusan milimita 13 kafin a yar da ita, watau kashi 2 cikin 100. Tun da ta ƙanƙance, tilas ta ƙara yawan juyi a kowace kilomita. Saboda haka, idan a da ma'aunin daidai yake, yanzu allura za ta nuna 100 alhali motar 98 take yi.

Ashe suɗewa ba ta jawo tara. Inda gizo yake saƙa shi ne sanya tayar da ta fi ta asali girma, domin a nan ne allura take nuna ƙasa da ainihin gudun, ita kuwa na'urar 'yan sanda ainihin gudun take kamawa. Kafin direba ya sauya girman taya, wajibi ne ya duba lambobin da kamfanin motar ya ƙayyade.