Yadda Katin Sadarwa Yake Farfaɗowa Bayan Hanyarsa Ta Ɓaci

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin kwamfutar tebur yayin da mai gyara ya kwance murfinta, ya ga wani faffaɗan allo mai dogayen ramuka a jere, waɗanda ake cusa ƙananan katuna a cikinsu. To, wanda ake soka wa wayar intanet ta baya shi ne katin sadarwa, kuma ta hannunsa kowane saƙo yake shiga na'urar, ta hannunsa yake fita. Hanyar da ta haɗa katin nan da ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta ana kiranta PCI. Kamfanin Intel na Amurka ne ya fito da ita a 1992, sa'an nan a 2003 aka fitar da magajiyarta, PCI Express, wadda tun a zubinta na farko kowane layi nata guda yake aika alama sau biliyan 2.5 a daƙiƙa ɗaya. Abin da yake gudu haka ba ya rasa tuntuɓe. Mas'alar kuwa ita ce abin da ya wajaba a yi idan tuntuɓen ya auku a babbar kwamfutar banki ko ta asibiti, inda kashe na'ura na minti goma asara ce ga dubban mutane.

Kati shi kaɗai ba ya sanin abin da ake so da shi, sai ta bakin wata manhaja da ma'abota sana'ar suke kira direba, wadda take rubuta masa umarni, take kuma nuna masa wurin da zai riƙa sauke saƙonni a cikin ma'ajiya. Da zarar ta nuna masa, shi da kansa yake rubutu a wurin, ba tare da neman izinin ƙwaƙwalwa a kan kowane saƙo ba, domin da za a ce sai ya nemi izini, da aikin ya yi nawa ƙwarai. A nan saurin yake, a nan kuma hatsarin yake, saboda idan lamba ɗaya tak ta juye a cikin adireshin da aka ba shi, daga sifili ta koma ɗaya, sai ya je ya zuba saƙon wani a kan lissafin wani, alhali babu wanda ya sani har ɓarnar ta isa faifai ta zauna. Sabubban juyewar suna da yawa: katin da bai zauna daram a raminsa ba, ƙura, zafi, girgiza, rawar wutar lantarki, har ma da kuskuren marubucin direbar ko na manhajar da take cikin katin kansa.

A zamanin PCI ta farko, abin da injiniyoyi suka tanada shi ne lamba ɗaya ta tantancewa da take rakiyar bayani, da kuma wayoyi biyu na kai ƙara. Idan laifin ya shafi adireshi, na'urori da yawa sukan tsaya cik gaba ɗayansu. Hukuncin yana da tsauri, amma yana da hujja, kuma hujjar ita ce wadda malaman fiƙihu suka daɗe da tabbatarwa, cewa kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo maslaha: gara na'ura ta tsaya da ta ci gaba tana rubuta ƙarya. PCI Express ta zo da sassauci, ta kasa laifuffuka kashi uku. Na farko shi ne wanda hanyar take gyarawa da kanta, domin kowane ƙunshin bayani yana ɗauke da lambar jeri da hatimin tantancewa, in ya iso a gurguje sai mai karɓa ya ce a sake aikowa, direba ba ta ma san an yi ba. Na biyu shi ne wanda ya lalata aiki guda amma hanyar tana nan lafiya. Na uku shi ne wanda hanyar kanta ta fita daga abin da za a amince da shi, kuma a kansa ne maganar farfaɗowa take.

Kamfanin IBM yana cikin waɗanda suka fara warware wannan a manyan kwamfutocinsa na POWER, da wata dabara da ya kira EEH. Da na'urar ta hangi laifi, nan take sai ta killace ramin da laifin ya fito, ta bar sauran suna aikinsu: abin da katin ya so rubutawa a ma'ajiya a tare shi, abin da direba ta aika masa a zubar, abin da ta nemi karantawa daga gare shi kuwa a mayar mata da ɗaya zalla. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Gurbin da direba take karantawa yana da lambobi 32, in duka suka zama ɗaya, adadin ya zama 4,294,967,295. Saboda haka direbar da aka rubuta da gaggawa, wadda take jiran wata lamba ta koma sifili kafin ta wuce gaba, za ta yi ta jira har abada, ta riƙe ƙwaƙwalwar na'ura a banza, alhali mai hankali da ta ga ɗaya zalla sai ta yi shakka, ta tambaya ko an killace raminta ne.

Wani injiniyan IBM, Linas Vepstas, shi ne ya jagoranci shigar da tsarin farfaɗowar cikin Linux, babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, a tsakanin 2005 da 2006, kuma direbobin katunan Intel, e100 da e1000, suna cikin na farko da aka koya wa. A ƙarshen 2006, a fitowar Linux ta 2.6.19, aka ƙara AER, wadda ta kawo irin wannan aiki ga sauran kwamfutoci masu PCI Express. Tsarin yana tafiya daki-daki. Da farko ana sanar da direba cewa laifi ya auku, ita kuma sharaɗinta shi ne ta janye hannu daga katin ɗungum, ta gaya wa sashen sadarwa ya daina miƙo mata saƙonni, sa'an nan ta ba da amsa ɗaya daga uku: ko tana iya gyarawa da kanta in an buɗe mata hanya, ko tana neman a mayar da katin sabo, ko ta yanke ƙauna. Idan kati ɗaya yana da bakuna biyu ko huɗu, sai an ji ta bakin kowannensu, kuma in ɗaya ya nemi a mayar da katin sabo, hukuncin ya hau kan kowa, tun da hanyarsu ɗaya ce. Galibin direbobin sadarwa wannan amsa ta biyu suke bayarwa, domin katin da ba a san halin cikinsa ba, ba a gina amana a kansa.

Mayar da kati sabo yana nufin a aika masa alamar da za ta shafe duk abin da ya riƙe, kamar yanzu aka kunna shi, kuma ƙa'idar PCI Express ta ce a dakata aƙalla kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin a sake yi masa magana. Halinsa a wannan lokaci kamar na ɗan aike ne da ya farfaɗo daga suma, bai san gidan da aka aike shi ba, bai san saƙon ba. Abin da ya cece shi shi ne wanda ya aike shi ya rubuta kome ya ajiye. Tun ran da aka fara ɗora katin, direba ta adana saitinsa a ma'ajiyar kwamfuta, yanzu sai a mayar masa da shi ɗaya bayan ɗaya, a sake ba shi izinin rubutu a ma'ajiya, a sake shirya masa wuraren sauke saƙonni, a gwada shi. In ya amsa yadda ya kamata, sai a zo mataki na ƙarshe, a ce wa direba ta koma bakin aiki, katin ya sake daidaitawa da na'urar da take ɗaya ƙarshen waya, saƙonni su ci gaba da gudana.

Saƙonnin da suke kan hanya lokacin da laifin ya auku sun tafi, babu mai dawo da su. Amma adireshin intanet na na'urar yana nan, domin a cibiyar Linux yake, kuma ƙa'idar TCP, wadda yawancin hulɗar intanet take tafiya a kanta, takan sake aika duk abin da ba a tabbatar da isarsa ba. Don haka mai aiki a can nesa abin da yakan gani shi ne ɗan jinkiri na daƙiƙoƙi, sa'an nan shafinsa ya buɗe. Direbar da ba a koya mata waɗannan matakai ba kuwa, na'urorin IBM sukan ɗauke ta kamar an zare katin an sake cusawa, sai an sake saita adireshi da sauran abubuwa daga farko. Haƙurin ma yana da iyaka: a tsarin EEH, ramin da ya faɗi fiye da sau 5 cikin sa'a ɗaya ana rufe shi, sai mutum ya zo ya duba. Wannan ne ya sa masu kula da manyan na'urori suke haɗa katuna biyu a kan aiki ɗaya, in ɗaya ya kwanta ɗaya ya ɗauka.

Illar da take tattare da wannan ni'ima ita ce gafala, domin laifin da ya gyaru a ɓoye yakan sa mai na'ura ya zaci lafiya lau ake. Saboda haka, ya kai mai kula da kwamfutocin ofis ko na makaranta, ka riƙa duba kundin rahoton na'urarka. A Linux umarnin dmesg zai nuna maka shi, ka nemi layukan da suke ɗauke da AER ko EEH. In ka ga suna maimaituwa a kan kati ɗaya, ka kashe na'urar, ka cire ta daga wuta, ka zare katin, ka hure ƙurar ramin, musamman bayan hunturu, ka mayar da shi ya zauna sosai, ka sabunta direbarsa. In rahoton bai daina ba bayan haka, ka canja katin tun bai zaɓar maka ranar da zai mutu ba.