Kasuwar maganin ido a Lamashegu: In baƙin ido ya buɗe ya ƙi rufewa

Duk wanda ya san unguwar Lamashegu da ke kudancin birnin Tamale a arewacin Ghana, ya san ba a rasa mai sayar da maganin ido. Akwai na kemis, akwai na tebur, ga kuma masu yawo da jaka suna bin rumfuna. Mutum ya ce idonsa na ciwo, a miƙo masa 'yar kwalba, ya biya, ya kama gabansa. Mu da muka taso a wannan yanki mun saba da haka tun zamanin Afolo, wato jan idon nan da ya ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Amurka ya sauka a kan wata, har sunan kumbon ya bi cutar. Afolo kan tafi da kansa cikin mako guda ko biyu, shi ya sa kowace kwalba aka ɗiga sai a ce ta yi aiki.

Amma akwai matsalar da wannan ciniki ba ya yi mata komai, ita ce buɗewar baƙin tsakiyar ido. Wannan ɗan baƙin da muke gani ƙofa ce da haske ke shiga ta cikinta. A duhu takan buɗe, a rana ta tsuke. In ta buɗe ta ƙi tsukewa ko an haska tocila, mai ita ba ya iya jure rana, rubutu kuma ya riƙa yi masa hazo. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin alama, don haka tambayarsu ta farko ita ce me ya jawo ta.

Mafi sauƙin dalili shi ne maganin asibiti. Kafin likitan ido ya leƙa can ciki, yakan ɗiga magani don ƙofar ta buɗe. Irin su tropicamide kan sake ido bayan 'yan sa'o'i, atropine kuwa yana iya kai mako guda ko fiye. A kan wannan ne kamfanonin Turai da Amurka suka gina kasuwarsu. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani ɗigo mai suna Ryzumvi, wanda aikinsa kawai ya gaggauta mayar da ido daidai bayan an buɗe shi a asibiti, don mutum ya koma ofis ko ya tuƙa motarsa. Kafin shi an yi wani mai suna dapiprazole a shekarun 1990, daga baya ya ɓace daga kasuwa. A ganinmu wannan maganin masu hali ne. Ɗan Lamashegu da aka buɗe wa ido a asibiti, baƙin tabarau da ɗan haƙuri sun ishe shi, sai dai kada ya hau babur ranar.

Tsohon maganin da ke tsuke ido shi ne pilocarpine, wanda aka fara tatsowa daga ganyen wani tsiro na ƙasar Birazil a 1875. Har gobe ana amfani da shi, amma a hannun likita. Yana sa ciwon goshi, yana rage gani a duhu, kuma ga wasu mutane yana iya ɓamɓare tantanin da ke can bayan ido. Abin lura kuma, idon da atropine ya buɗe ba ya jin pilocarpine.

Wannan ya kawo mu kan zaƙami, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da haukata-yaro. Tsiron yana ɗauke da sinadarai dangin atropine. Yaron da ya sha shi za a ga idanunsa biyu sun buɗe, bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi, yana sambatu. Ko ruwan ganyen ne ya taɓa hannu aka murza ido, idon zai buɗe na kwanaki. Wanda ya sha kuwa guba ce a jikinsa, asibiti ya kamata a nufa da shi.

Inda muka fi jin tsoro shi ne hatsarin babur. Tamale gari ne na babura, maza da mata, tsofaffi da yara, kuma kowa ya san yadda ake wasa da hular kwano. Mutum ya faɗi ya bugu a kai, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce ba komai. Bayan 'yan sa'o'i sai barci ya fara rinjayarsa, ko ya yi amai, a duba a ga baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan girma. Wannan na iya nufin jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne jijiyar da ke tsuke ido. A irin wannan hali mintoci ake ƙirgawa. Lokacin da 'yan uwa za su ɓata a gaban teburin mai magani shi ne lokacin da ya kamata a ce sun isa Asibitin Koyarwa na Tamale. Haka nan in ido ya buɗe, fatarsa ta sauko, mutum yana ganin abu bibbiyu, ko da bai faɗi ba, a gaggauta.

Sai hawan jinin ido, wanda Ghana ke cikin ƙasashen da ya fi yi wa ɓarna. Binciken da aka yi a Tema, aka buga a 2013, ya gano kusan mutum 7 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da nau'in da ke cin gani a ɓoye, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Akwai wani nau'in da ke zuwa farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi tauri, baƙinsa ya buɗe ya tsaya cak, ga ciwon kai da tashin zuciya, mutum yana ganin zobe kewaye da fitila. Da yawa sukan ɗauka Afolo ne. Kwana ɗaya ko biyu ana ɗige-ɗige a gida na iya tafiya da ganin wannan idon har abada.

Ba za mu ɗora wa masu sayarwa laifin duka ba. Mai kemis yana kusa, yana ba da bashi, ba a bin layi a wurinsa, ga shi likitocin ido a Arewa sun yi ƙaranci in aka kwatanta da Accra da Kumasi. Sai dai lasisin ƙananan shagunan magani a Ghana bai ba su damar sayar da maganin da ke buƙatar takardar likita ba. A cikin irin waɗannan akwai ɗigon sitiroyid, wanda ke kashe ƙaiƙayi da ja nan take, shi ya sa yake da farin jini, alhali yawan amfani da shi yana ɗaga matsin ido yana kuma kawo yana. Wanda ya je neman sauƙi sai ya sayo wa kansa hawan jinin ido da kuɗinsa.

Arewacin Ghana ya taɓa cin galaba a kan cutar ido. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta kawar da amosanin ido a matsayin barazana ga jama'a, bayan shekaru ana bin ƙauyuka da magani da tiyata da wayar da kai. Irin wannan shelar muke son a kai wa masu kemis da masu tebur na Lamashegu da Aboabo, a koya musu haska tocila a ido, in baƙin ya ƙi motsi su tura mai shi asibiti. Iyalai kuma, in za su tafi, su riƙe duk kwalbar da aka riga aka ɗiga, domin likita zai so ya san abin da ke cikinta.