Ɗalibin Fim Daga Ƙasar Rake

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Makarfi ko Kudan ko Ikara a zamanin En'e ba zai manta da daren da motar majigi ta sauka garinsu ba. Tun da la'asar sankira yake zagawa yana shela. Bayan sallar lisha sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a ta da inji, yara su yi cincirindo a gaba, manya na baya. Nan ne mutanenmu suka ga Baban Larai, watau fim ɗin nan da aka yi don koya wa manoma noman zamani. To, yau daga cikin jikokin waɗancan yara akwai masu zuwa makaranta musamman don su koyi yadda ake yin fim.

Waɗansu Samaru suke zuwa, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello. Waɗansu kuwa sai Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1979, ta buɗe makarantar koyon aikin fim cikin 1995. Zaman ba na jin daɗi ba ne. Tun daga gida ake fara ja-in-ja, gama uban da ya sayar da rakensa ya biya kuɗin makaranta ya fi so a ce ɗansa likita ne ko alƙali. A can kuma ga sanyin Jos, ga layin aron kyamara. Yau ɗalibi shi ne mai ba da umurni, gobe shi ke riƙe da sandar ɗaukar magana har kafaɗarsa ta yi tsami, jibi ya kwana gaban kwamfuta yana yanka hoto, yana addu'a kada a ɗauke wuta.

Amma fa ba wahalar ce ta sa muka ɗauko zancen ba. Galibin yaran nan son waƙa ne ya fara jan su, ko ta Indiya, ko ta Shata, ko ta fina-finan Kano. Da sun shiga aji sai malamai su nuna musu cewa rabin fim da kunne ake kallonsa. Sa'an nan ne mai hankali a cikinsu yake tuna irin dukiyar da ya baro a gida: gangar noma ran gayya, da kalangun mahauta ran kasuwa, da lugude na 'yan mata, da ƙarar injin matsar rake da asuba, da tafasar ruwansa kafin ya zama mazarƙwaila. Ɗan birni sai ya yi tafiya ya nemo waɗannan. Shi kuwa cikinsu aka yaye shi.

Gwajin yakan zo a shekarar ƙarshe, sa'ad da za a yi fim na jarrabawa. An fara fim na bidiyo a Kano da Turmin Danya cikin 1990, daga baya kuma, balle bayan Sangaya ya yi kasuwa cikin 1999, fiyano ta zama uwar kiɗan fim ɗin Hausa. Ba mu ga laifin masu ita ba, sana'a suke yi, kuma dare ɗaya ya ishe su su gama aiki da kuɗi kaɗan. Wanda ya ce makaɗan garinsu yake so kuwa, sai ya biya mota, ya ba da goro, ya yi fama da iska da kukan awaki, watakila kuma ya sake ɗauka sau biyar. Ɗalibin da aljihunsa ya bushe ba ya daɗewa yana shawara. Sai ka ga an nuna manomi a fadamar Hunƙuyi, amma kiɗan da ke tashi bayansa shi ne wanda aka sa wa attajiri a falonsa na Kano. A ganinmu wannan hasara ce, domin gayya tana ja da baya tun da aka koma ga 'yan ƙodago da maganin ciyawa, makaɗanta kuma suna tsufa, 'ya'yansu sun kama haya da babur.

Akwai abin lura a labarin marigayi Adamu Halilu, wanda ya koyo aikin fim a Ingila. Cikin 1976 ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, da Hausa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekara da shekaru, sai cikin 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar, aka gyara, aka nuna shi a Berlin cikin 2018, da muryoyin mutanensa garau. An same su ne don wani ya ɗauka ya ajiye.

Shiga ƙauye kuwa ba sabon abu ba ne ga 'yan Samaru. Cikin 1977 malamai da ɗalibansu sun je Soba, maƙwabciyar Ikara, suka shirya Wasan Manoma. Ɗalibin yau ya fi su sauƙi, gama wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar murya, hutun ƙarshen shekara kuma yana faɗowa daidai lokacin saran rake, sa'ad da injuna ke aiki tun kafin kiran assalatu.